Kama da Wane Ba Ta Wane: Motar Kara, Kumbon Hollywood da Ƴan Tsanan Mustafa Alasan

Idan kaka ta yi a ƙasar Kurfai, aka gama yankan hatsi aka kai dammuna rumbu, akwai wata sana'a da ke farfaɗowa a bayan gidaje, wadda ba ta da sarki kuma ba ta da rumfa a kasuwa. Yaro ɗan shekara goma zai zaɓo kara mai kauri, ya feƙe ɓawon da guntuwar reza, ya yanyanka totuwar, ya sossoke ta da siraran ɓawon nan har ta haɗu, ya kankare sakaina ta zama ƙafafu. Kafin la'asar ga motar kaya tsaye. Kuma takamaimiyar mota ce: wadda ya gani ranar Lahadi a kasuwar Filinge, ta taso daga Yamai ta hanyar Baleyara, da tsaninta a gefe, da tayar ajiya ɗaure a baya, da ƴar karkatar da nauyin buhuna ya sa mata. Ƙanensa kuwa yana bakin tabki yana murza laka, yana fitar da sa mai tozo da gajeren ƙaho irin shanun Azawak da ake kiwo a Tukunus, ya bambanta shi da dogon ƙahon shanun Bororo yadda ko makiyayi ba zai yi gardama ba.

Manya sukan wuce su ce wasan yara ne. Amma aikin da yaron nan ke yi shi ne ainihin aikin da manyan kamfanonin silima na Amurka da Ingila da Japan suka shekara kusan tamanin suna kashe wa dukiya: a ƙera ƙaramin abu da hannu, a sa ido ya karɓe shi a matsayin babba. Faransanci na kiran irin wannan ƙira maket. Da ita aka gina birane da kumbuna da duniyoyin finafinan almarar kimiyya kafin kwamfuta ta karɓi ragamar aikin. Nijar ma tana da gwaninta a wannan fage, marigayi Mustafa Alasan, wanda ake rubuta sunansa Moustapha Alassane a takardun Faransanci. Idan aka jera aikinsa da na Hollywood, za a ga hanyoyi biyu na girmama ƙaramin abu, za a kuma ga wata asara da ke tafe idan ba a farga ba.

Yadda ake ruɗin ido

Tun farkon silima aka san dabarar. Georges Méliès ya harba mutane zuwa wata a fim ɗinsa na 1902 da allunan fenti da ƙere-ƙeren da ya yi a ɗakin aikinsa kusa da Paris. A 1927, a fim ɗin Metropolis na Fritz Lang, Bajamushe Eugen Schüfftan ya yi amfani da madubi don ya shigar da mutane na gaske cikin ƙananan gine-gine, mai kallo ya ga taro yana tafiya a gindin benayen da a zahiri ba su kai tsawon mutum ba. A 1954 Eiji Tsuburaya ya gina titunan Tokiyo da ma'aunin kashi ɗaya cikin 25, aka sa wani ɗan wasa cikin rigar roba ya bi ta kansu yana tattakewa. Lissafin a fili yake: mutum mai kimanin mita 2 a cikin rigar, a garin da aka rage sau 25, ya zama dodo mai mita 50. Wannan shi ne Godzilla.

Sai dai rage girma kaɗai ba ya wadatarwa, domin ido ya daɗe yana kallon duniya kuma yana da wayo. Wanda ya taɓa ganin rumbu ya faɗi ya san cewa babban abu yana jinkiri kafin ya kai ƙasa, ƙura kuma ta daɗe tana tashi. Rumbun wasa kuwa kafin ƙiftawar ido ya zube. Don haka masu sana'ar suka fitar da ƙa'ida: a ƙara saurin ɗaukar hoto gwargwadon lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin ragin. Silima tana gudu da hoto 24 a daƙiƙa. Idan an rage gini sau 25, lambar ita ce 5, sai a ɗauki hoto 120 a daƙiƙa, a haska su da saurin 24. Nan take faɗuwar ta yi nauyi. Ruwa da wuta ne kawai suka ƙi bin wannan doka, saboda ɗigon ruwa ba ya ƙanƙancewa don an ƙanƙanta jirgi. Duk tsohon fim ɗin da aka ga teku tana fantsama da ɗigo kamar ƙwarya-ƙwarya, a nan asirinsa ya tonu.

Matsala ta biyu ita ce ta haske. Idan kyamara ta matso kusa da ƙaramin abu, gabansa yakan fito sarai, bayansa ya dushe, kamar yadda mutum ke ganin tururuwa a tafin hannunsa. Ido na ganin wannan dushewar sai ya ce abin ƙarami ne. Maganinta shi ne a tsuke ƙofar da haske ke shiga kyamara, a yawaita fitilu, ko a bar kowane hoto ya daɗe yana shan haske. Haka aka yi a fim ɗin Stanley Kubrick na 1968, 2001: A Space Odyssey, wanda aka ɗauka a Ingila. Kumbon Discovery da aka ƙera masa ya kai kimanin mita 16, kyamara na rarrafawa a gefensa a hankali ƙwarai, kowane hoto na cin daƙiƙoƙi, don ya fito tsaf tun daga goshi har wutsiya.

Matsala ta uku ita ce wadda yaron Filinge ya riga ya warware ba tare da an koya masa ba. Abu mai santsi, mai tsabta, marar tabo, ido ba ya yarda da shi. A 1975 George Lucas ya tara wasu matasa a wani sito da ke Van Nuys a jihar Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin John Dykstra, aka sa wa kamfanin suna Industrial Light & Magic. Maƙeransu, irin su Grant McCune da Lorne Peterson da Steve Gawley, suka riƙa sayen kwalayen kayan wasa na roba da ake sayarwa a kantuna, na tankokin yaƙi da jiragen ruwa da motocin tsere, suna ɓalle ƙananan sassan suna liƙawa a jikin kumbunan da suka ƙera. Murfin tankar Jamus ya zama ƙofar kumbo, injin motar tsere ya zama bututun wuta. Bayan haka suka bi da fenti mai kama da tsatsa da baƙin hayaƙi, suka kankare nan suka lotsa can. Sai suka kafe kumbon a gaban shuɗin labule, kyamarar da na'ura ke sarrafawa ta riƙa wucewa ta gefensa, tana iya maimaita tafiya ɗaya sau da yawa ba kuskure. Jirgin yaƙin da ke shigowa ta saman allo a farkon Star Wars, wanda labarin ya ce tsawonsa mita 1,600 ne, bai wuce santimita 91 ba a kan teburin maƙera.

Shekara ɗaya, hanya biyu

Star Wars ya fito a watan Mayu na 1977. A wannan shekarar ce Mustafa Alasan ya fitar da Samba le Grand, fim na ƴan tsana mai launi, mai kimanin minti 14.

An haifi Alasan a 1942. Tun yana yaro, kafin ya san silima, yana yanka siffofi yana haska su da fitila a bayan ƙyalle, ƴan uwansa na kallon inuwa. Ya yi kanikanci, sannan ya haɗu da Jean Rouch a cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, daga nan hanya ta kai shi Kanada inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. A 1962 ya yi Aouré, kan aure a wani ƙauyen Zabarmawa. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, zanen barkwanci na ƴan mintoci kan shugaban jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da faretin soja da jawabai da dukkan burgar sababbin ƙasashe masu ƴanci. Ya shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai shekara 15, daga baya ya koma Tawa, inda ya mai da wani ɓangare na otel ɗinsa ɗakin aiki. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015.

Kayan aikinsa itace ne da waya da ƙyalle da soso da gam. Dabararsa kuwa ita ce mafi cin rai a duk sana'ar silima: a tsai da ƴar tsana, a ɗauki hoto, a ɗan gusa hannunta kamar faɗin ƙwayar gero, a sake ɗauka. Fim mai minti 14 yana ɗauke da hoto 20,160. Ko da kowace tsayuwa an ba ta hoto biyu, duk inda jiki ke motsi sai an taɓa shi sau 12 kafin a samu daƙiƙa ɗaya.

Labarin Samba na gargajiya ne. Jarumi ya ga gimbiya, kyawunta ya ɗimauta shi, ya nemi aurenta, ta ɗora masa jarrabawa bayan jarrabawa, yana cinyewa tana ƙarowa, har ya zamana mutuwa ce kaɗai ta haɗa su. Abin lura shi ne yadda Alasan ya ɗauki ƙanƙantar jarumansa. Maƙeran Van Nuys duk ƙoƙarinsu shi ne mai kallo ya manta da hannunsu. Idan ya tuna cewa roba ce yake kallo, aikinsu ya ɓaci. Alasan bai nemi a manta ba. Zaren ƙyallen rigar ya yi wa jikin ƴar tsanar kauri, kuma ya bar shi haka. Tafiyar tana da ɗan tsalle-tsalle, bai ɓoye ba. Mai kallo ya san ƴan tsana ne tun hoton farko, kamar yadda yaron da ya ji "ga ta nan, ga ta nanku" ya san gizo ba ya magana, amma ya gyara zama. Yarjejeniyar tatsuniya ce aka ɗauko daga tabarmar tsakar gida aka kai allon silima, kuma ita ce ta dace da labarin da tun asali da baki ake ba da shi.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne wajen sanin abin da ake kwaikwayo. Tsatsar kumbon Lucas ta yi tasiri ne domin maƙeran sun girma cikin tsofaffin motoci da jiragen yaƙi, sun san inda mai ke ɗiga da inda hayaƙi ke baƙanta ƙarfe. Alasan ya san yadda ake naɗa rawani, da yadda babbar riga ke zama a kafaɗa, da yadda bangon ƙasa ke shan rana. Wanda bai taɓa zama a zaure ba zai iya ƙera zauren da ya fi nasa kyau, amma ɗan ƙasa zai duba ya ce ba a nan ba ne.

Duk da haka Samba le Grand yana da rauni, kuma yabon da ya ƙi faɗar raunin bai girmama mai aikin ba. Fuskokin ƴan tsanan ba sa sauyawa. A fagen yaƙi wannan ba ya damun kowa, domin jiki ne ke magana. Amma zuciyar labarin tana wajen gimbiyar, wajen abin da ke hana ta gamsuwa da kuma abin da ya same ta da ta ga ƙarshen taurin kanta. Wannan kuwa aikin ido ne da leɓe, kuma fuskar da aka sassaƙa ba ta iya shi. Sai nauyin ya koma kan muryar mai ba da labari, mai kallo ya ji da kunne abin da ya kamata ya gani da ido. A irin waɗannan wurare fim ɗin yakan koma tatsuniya mai hotuna.

A Kokoa, wanda aka fi sani da fitowarsa ta 2001, Alasan ya samo labarin da ya yi daidai da kayan aikinsa. Kokowar gargajiya ce, wasan da tun gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975 ya zama abin da ke tsai da harkoki a Nijar idan ana neman takobi. Ƴan kokowarsa kwaɗo ne da hawainiya da tsuntsu da damo, ƙaguwa ce alƙalin wasa, kwaɗi sun cika wurin zama, makaɗa na aikinsu. A nan daskararriyar fuska ba ta rage komai ba, domin kokowa magana ce ta ƙugu da ƙafa: zagaye, sunkuyo, laluben hannu, jinkirin nan mai tsawo kafin a kama, sannan kaye cikin ƙiftawar ido. Ɗan tsalle-tsallen ƴan tsanan ma ya zama riba, ya yi kama da taka rawar ɗan kokowa idan kiɗa ya ratsa shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fagen kokowa a Filinge bayan girbi zai gane kowane motsi, ya yi dariya saboda ya san mai irin wannan takama a unguwarsu. Labarin kansa siriri ne, karawa ce bayan karawa. Amma a wannan fim ne hannun maƙerin da idonsa suka yi daidai.

Kwafi da abin da yake koyarwa

Ƙaramar ƙira tana da rai na biyu bayan an gama fim, kuma a nan ne tazarar da ke tsakanin Hollywood da Tawa ta fi faɗi.

A cikin kamfanin ma ana kwafi. Kumbon da za a nuna kusa-kusa ana ƙera shi da fitilu da ƙananan injuna, shi ne na gaban goshi. Waɗanda za a fasa da nakiya kuwa zubo su ake yi. Duk wanda ya ga masu zuba tukwanen alminiyom a kasuwar Katako ta Yamai ya san dabarar: a danna tukunyar asali cikin damshin yashi, a cire ta, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin. A Hollywood roba mai laushi ce mazubin, abin zubawar kuma wani ruwa ne mai daskarewa kamar ƙaro. Haka ake samun kumbo goma masu kama ɗaya, a tarwatsa tara. Wani lokaci kuma girman ake sauyawa: kumbon Millennium Falcon na 1977 ya haura mita ɗaya da rabi, ya yi nauyin juyawa, sai aka ƙera wani mai kimanin santimita 80 don fim na biyu a 1980.

Akwai kuma kwafin da dole ta sa. Yawancin ƙere-ƙeren 2001 an lalata su bayan an gama ɗauka, abin da ake dangantawa da umurnin Kubrick don kada a sake amfani da su a wasu finafinai. Da Peter Hyams ya zo yin ci gaban labarin a 1984, sai da maƙeransa suka faɗaɗa hotunan tsohon fim ɗin, suka auna, suka sake gina Discovery daga abin da allo ya nuna. Ɗaya daga cikin ƴan ƙalilan da suka tsira, kumbon Aries mai siffar ƙwallo, hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta saye shi a gwanjo a 2015 kan dala 344,000.

Daga baya, musamman bayan Jurassic Park na 1993 ya nuna cewa kwamfuta za ta iya, sai aikin ƙira ya ja baya a kamfanoni ya bunƙasa a hannun masu sha'awa. Akwai mutane a Amurka da Turai da Japan da ke tsai da fim hoto-hoto, su ƙura wa wani ɗan ƙullutu a jikin kumbo ido har su gano daga wane kwalin kayan wasa na shekarun 1970 aka ɓallo shi, su nemo kwalin ko da an daina yin sa, su liƙa shi a daidai gurbinsa. Wannan karatu ne na gaske, irin na almajirin da ke kwafe littafi da hannu har ya san inda alƙalamin malaminsa ya yi tuntuɓe. Ta hanyarsa aka san yadda maƙeran farko suka yi tunani. Gidajen tarihi ma sun shigo. Kumbon Enterprise na Star Trek, mai fiye da mita 3, yana hannun cibiyar Smithsonian a Washinton tun 1974, kuma an sake fito da shi a 2016 bayan masana sun bi fentinsa shafi-shafi don su mai da shi kamanninsa na 1967. A watan Oktoba na 2023 aka yi gwanjon wani ƙaramin jirgin X-wing na 1977, mai kimanin rabin mita, wanda aka tsinta cikin kwali a kayan marigayi maƙeri Greg Jein. An saye shi dala 3,135,000, kusan miliyar 2 na kuɗin sefa.

Wannan farashi ba abin koyi ba ne. Hannun da ya liƙa robar albashi ya karɓa ya tafi, ribar ta faɗa wa masu tara kaya. Kuma kwafi yana da nasa haɗari, wanda Alasan ya riga kowa gani. A Le Retour d'un aventurier na 1966, fim ɗin da Zalika Sulei da Jingarai Maiga suka fito a ciki, wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, suka sauya sunaye, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu har aka yi asarar rai. Sun kwafi kayan daidai, ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa. Saurayin Filinge da zai zauna ya ƙera X-wing don ya gan shi a waya, kwafin kwafi zai yi. Wanda ya ƙera motar Lahadi da karkatarta ya fi shi kusa da maƙeran Van Nuys, domin abin da ya sani yake ƙerawa.

Abin da ya rage a yi

Finafinan Alasan sun samu masu kula. An ba shi lambar girma ta Faransa a bikin Cannes na 2007. A 2009 Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong sun yi fim a kansa wanda ya nuna shi a bakin aiki a Tawa. A 2017 gidan adana fasahar zamani na MoMA a birnin New York ya haska jerin ayyukansa. Amma fim fuska ɗaya kawai yake adanawa, wadda kyamara ta kalla. Ba ya nuna yadda aka murɗa wayar gwiwar kwaɗo don ta lanƙwashe ba ta karye ba, ko abin da aka sa a tafin ƙafarsa don ya tsaya yana ɗauke da abokin karawa. Wannan ilimi a jikin ƴar tsanar yake. Itace da ƙyalle da soso kuwa, a ƙasar gara da ƙura da zafin bazara, ba su da tsawon ran robar Kalifoniya.

Aikin ba ya bukatar miliyoyi. Duk ƴar tsanar da ta fito daga hannunsa ta cancanci a auna ta da santimita, a ɗauke ta hoto ta kowace fuska, a rubuta kayan da aka yi ta da su, a tambayi waɗanda suka yi aiki tare da shi tun suna da rai da tunani. Gidan adana kayan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake da masu sana'ar hannu a harabarsa, wuri ne da ya dace a ajiye na asali, a kuma ƙera kwafinsu da za a iya taɓawa. Kwafin nan su ne za su yi tafiya zuwa makarantun Tawa da Doso da Filinge, ɗalibi ya riƙe kwaɗon Kokoa a hannu, ya lanƙwasa ƙafarsa, ya gane cewa silima aba ce da ake ƙerawa.

Sauran kayan aikin kuwa sun riga sun iso. Na'urar da Alasan ya ƙetare teku kafin ya samu irinta, yau tana cikin aljihun masu sayar da goro. Wayar hannu da aka kafe a kan tubali, da hoto 12 a kowace daƙiƙa, hoto 720 ke nan a minti ɗaya: ajin kwaleji guda zai iya gama wannan a yammaci uku, da motar kara da shanun laka da labarin da wata tsohuwa ta bayar. Abin da ke ƙaranci shi ne babban da zai tsaya ya duba, ya ce wa yaron aikinsa yana da suna kuma yana da magabata.

Motar kara ba ta kai wa damina. Akuya za ta ci rabinta, gara ta ƙarasa sauran, kuma yaron ba ya baƙin ciki domin mazubinta yana cikin kansa, baɗi zai ƙera wadda ta fi ta. Ya koya ne daga wansa, shi ma daga nasa wan. Amma motar roba ta kanti tana da arha, wayar hannu kuma tana cinye yammacin da a da ake ba wa kara da reza. Sana'ar da ba ta da littafi, idan tsara ɗaya ta tsallake ta, shi ke nan. Hyams ya samu hotunan Kubrick ya auna. Wanda zai nemi motar Lahadi ta Filinge nan da shekara talatin, sai abin da aka auna aka ɗauka tun yanzu zai tarar.